Wane soso ya dace da masa, tsire da tuwon bogi?

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hannu. Shawara ake nema. Ana son haɗa abincin bogi na wasan kwaikwayon yara da baje kolin ƙarshen zango: tire ɗaya na masa, tsire kamar tsinke 10, malmalar tuwon shinkafa 2 da kwanon miya. So ake ya daɗe, yara na ɗauka suna ajiyewa. Abin da ke hannu shi ne farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij da talabijin. Shi kaɗai zai isa? Kuma wane fenti ake sa masa?

Mai Kushin:
Wa alaikumus salam, Malama. Shi kaɗai ba zai kai ki ba, kowane abinci da soson da ya dace da shi. Farin nan na kwali ƙananan ƙwallaye ne aka manne wuri guda, kusan duk jikinsa iska ce, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Ya yi wa tuwo da cikon kwanon miya. Masa kuwa soson katifa take so, don ƙofofin jikinsa sun yi kusa da na ƙullin da ya tashi, kuma in yaro ya danna sai ya lotsa ya dawo. Ki je wurin masu kushin ki nemi ragowar yanka mai kaurin inci 1, fari ko mai ruwan madara, mai ɗan nauyi a hannu. Kar ki karɓi shuɗi ko mai ruwan hoda, launinsa zai riƙa leƙowa ta ƙarƙashin fenti komai yawan shafi. Tsire kuma soson EVA, irin na ƙasan silifa da tabarmar wasan yara, kauri milimita 5 zuwa 6. Masu sayar da kayan ɗinkin takalma suna da shi falle-falle.

Oga Fenta:
Kafin a kai ga yanka, ga abin da ke kashe aikin yawancin masu farawa. Farin soso ba ya shiri da duk abin da aka haɗa da tina ko fetur. Fentin feshi na gwangwani, fentin mai, gam ɗin masu takalmi irin su Evo-Stik, sufa gulu, ruwan goge fentin farce, filar masu gyaran bodin mota da rezin ɗin masu aikin faiba, duk cinye shi suke yi. Kina fesawa zai fara ramewa yana huda-huda kamar an ɗiga wa sukari ruwa, kafin minti ɗaya malmala ta tashi daga aiki. In ana wanke burushin abu da ruwa, ki sa. In sai da tina ko kananzir, ki nisanta shi da farin soso. Saboda haka fenti akirilik, wato na masu zane da ake sirkawa da ruwa, ko fentin bango na ruwa, gam kuma fari na kafintoci irin su Top Bond. A kan soson katifa da EVA kuwa gam ɗin masu takalmi ba ya ɓarna, shi ya ma fi riƙe su. A shafa siriri a fuskokin biyu, a jira minti 5 zuwa 10 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. In aka haɗa yana ɗanye, zamewa zai yi.

Malamar Firamare:
Na gode Oga. Bindigar gam fa, ta halatta?

Injiniya:
Ya danganta da irinta, Malama. Babbar tana fitar da gam da zafin da ya kai kusan digiri 190, ƙaramar mai sauƙin zafi wajen 120, shi kuwa farin soso tun kafin ya kai 100 yake fara laushi. Babbar za ta haƙa masa rami nan take. In ita ce kawai a hannu, a zuba gam ɗin a kan kwano ko katakon da za a manna wa, a ƙirga 10, sannan a ɗora soson.

Farin gam ma yana da nasa halin. Da iska yake bushewa, to in kika shafa shi tsakanin farin soso biyu, gefen ne kawai zai bushe, tsakiya na iya kwana biyu a jiƙe. Ki shafa siriri, ki soka tsinken sakace 3 ko 4 a karkace su riƙe, ki danne da wani abu mai nauyi, ki bar shi yini da kwana.

Wajen yanka, wuƙar reza mai tsawo, sabuwar fil, ana ja ana komawa ba dannawa ba. Da zarar ƙwallaye sun fara ɓarɓashi suna bin hannu, bakin ya dushe, a karya a fito da sabo. Mai aiki da yawa ya haɗa wayar zafi: wayar nikrom, wadda ke ɗaukar zafi in wuta ta bi ta, mai kaurin milimita 0.4, tsawon santimita 60, a kan wutar bolt 12, tana jan amfiya 2 da 'yan kai. A ɗaura ta a firam ɗin katako da sifirin a gefe ɗaya, don in ta ɗau zafi tana ƙara tsawo ta saki. Kar a kuskura a jona ta kai tsaye da wutar gida. Kuma farin soso kawai ake yankawa da ita, shi ma a waje inda iska ke kaɗawa. Hayaƙin soson katifa guba ne, almakashi da wuƙa kaɗai ake sa masa.

Mai Kushin:
To masa. A ɗora bakin kofi mai faɗin santimita 8 a zana da'ira, a yanke. Abin da ya rage duk aikin almakashi ne: ana tsakurar gefen kaɗan-kaɗan, ana juyawa, har tsakiya ta zama tudu mai kaurin santimita 2 zuwa 2 da rabi, baki kuma ya sirance. Fuskar da ta fara kwanciya a tanda ta fi tudu, ɗayar ta ɗan fi shafewa. Sawun almakashi zai fito gaɓa-gaɓa, sai a bi shi da sanfefa mai lamba 80, ana shafawa gefe ɗaya a hankali don kar ya yage. Mai firiza da wuta ya jiƙa soson ya daskarar da shi, in ya yi ƙanƙara ana iya gurza shi da magogi ya yi sumul, sai dai a jira ya bushe sarai kafin fenti.

Mai Kayan Fim:
Malam Mai Kushin, girmanka ne, amma masa 20 da almakashi ai sai hannu ya yi kanta. Ga gajeriyar hanya. A samu tsohuwar tandar da aka daina suya da ita, a shafe ramukan da basilin, a ɗan fesa ruwa, a matsa kumfar gwangwani irin wadda ake cike gefen ƙofa da taga da ita. Sulusin rami kawai za a cika, don tana ninka kanta sau 2 zuwa 3. A sake fesa ruwa a samanta, a rufe da leda, a ɗora katako da dutse. Bayan awa 2 zuwa 3 a cire. Siffar tanda ce sak, kuma in aka gutsure guda za a ga ƙofofi manya da ƙanana a ciki, wanda soson katifa ba zai bayar ba don nasa duk girmansu ɗaya. Ita ce kuma maganin ƙosai da fanke: a ɗiga ta dunƙule-dunƙule a kan leda ba tare da an rufe ba, ta kumbura yadda ta ga dama.

Mai Kushin:
Gajeriya ce, ban musa ba, amma faɗi sauran. Kumfar nan da danshi take bushewa. Lokacin hunturu da iska ba ta da laima ko kaɗan, in aka manta fesa ruwa, sai fatar ta bushe cikin ya tsaya da danƙo, bayan kwana biyu masar ta shanye ta yamutse. Na biyu, basilin ɗin da ya bi jikinta ba zai bar fenti ya zauna ba sai an wanke da sabulun wanke-wanke. Na uku, tauri gare ta, in yaro ya danna da ƙarfi ramin yatsansa ya zauna ke nan. Ga shi in ta taɓa hannu ta bushe, babu abin da ke fitar da ita sai ta ɓare da kanta. Malama ta ce yara ne za su riƙa ɗauka.

Mai Kayan Fim:
Wannan gaskiya ne. Safar hannu dole, kuma babba ne zai yi, ba a gaban yara ba. To a raba: waɗanda za a jera a tire a manne, a yi su da kumfa, guda 4 ko 5 da za a riƙa ɗauka, soson katifa. Tandar kuma ta yi sallama da kicin har abada.

Hajiya Mai Kek:
Duk kuna ta batun siffa, alhali ido ba siffa yake fara kamawa ba, launi ne. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauko ruwan ƙasa a shafe masa gaba ɗaya, sai ta fito kamar an sassaƙa ta da katako. Malama, ki sayo masa ta gaske guda 3 ki ajiye a gabanki kafin ki buɗe fenti. Za ki ga mafi yawan jikinta fari ne mai ɗan ruwan madara. Suyar tana tsakiyar tudu da kuma zoben baki inda mai ya taru, tsakaninsu da ɗan fili mai haske. Kuma babu biyu da suka soyu iri ɗaya.

Soson katifa mashayin fenti ne, in kika sa burushi zai shanye kwalba guda ya ƙandare. Rina shi ake yi: cokali 1 na farin fenti, ɗigon ruwan ƙwai mai duhu, cokali 5 na ruwa, a tsoma a matse, a tsoma a matse, a shanya. In ya bushe sai suya. Ki yagi guntun soso da hannu, kar ki yanka, don bakin yagar ne ke ba da dabbare-dabbare. Ki dangwala fenti, ki goge kusan duka a jikin takarda, sannan ki riƙa daddanawa. Hawa uku, daga mai haske zuwa mai duhu: ruwan zuma a wuri mai faɗi, ruwan goro mai ɗan ƙasa-ƙasa a cikinsa, sannan ruwan ƙasa mai duhu ɗigo-ɗigo a ƙololuwa da baki. Baƙi tsantsa kar ya shiga. Ki tuna akirilik yana ƙara duhu in ya bushe, ki tsaya tun kina ganin kamar bai isa ba.

Oga Fenta:
Hajiya ta gama magana a kan launi. Abin da zan ƙara, kar a rufe soson katifa da farin gam. In ya bushe tauri yake yi, matsa ɗaya sai ya tsattsage. In ana son fata mai laushi, filar akirilik ta bututu, wadda ake toshe tsaga da ita, a sirka ta da ruwa daidai wa daida, a shafa sau 2. A duba rubutun jikin bututun da kyau, don silikon ma haka yake zuwa. Mai warin binega silikon ne, fenti ba ya zama a kansa ko kaɗan.

Malamar Firamare:
Allah ya saka da alheri. To tuwon fa? Ƙwallayen farin soson nan ko an goge suna nan ana ganinsu.

Oga Fenta:
Ba a fentin farin soso tsirara, sai an yi masa riga. A fara sassaƙa malmala, tsawo kamar santimita 11, tsayi 6 zuwa 7, ƙasa a shafe, a goge da sanfefa 120. Sai haɗin da ake yi wa bango kafin fenti, amma mai gam da yawa: kofi 1 na garin POP, rabin kofi na farin gam, rabin kofi na farin fentin bango, ruwa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin kunu mai kauri. A dama wanda za a iya shafewa cikin minti 10 kawai, don POP ba ya jira, in ya fara kamawa ƙarin ruwa ba ya dawo da shi. Kaurin shafin milimita 1 zuwa 2. Duk kayan nan ana samunsu wurin masu kayan gini, wanda ke Kano ya leƙa Ƙofar Ruwa.

Hajiya Mai Kek:
Oga, a nan kam ban bi ka ba. POP na bango ne, bango kuwa ba ya faɗuwa ƙasa. Ɓawo mai tauri a kan soso mai lotsawa, faɗuwa ɗaya daga tebur zai fashe ya ɓare. Ga abin da yara za su riƙa ɗauka, takardar tishu ta fi: gam kashi 2, ruwa kashi 1, a yayyaga tishu ƙanana, a manna da burushi hawa 3, kowane hawa ya bushe kafin na gaba. Zaren takardar ne ke riƙe rigar, ko ta lotsa ba ta ɓarewa. Kek ɗin bogi na biki, wanda ake jera farin soso mai inci 6, 8, 10 da 12 a ajiye ana kallo, shi ne wurin fila mai tauri.

Oga Fenta:
Shi ya sa na ninka gam ɗin, Hajiya, yana rage masa gautsi. Amma tishu kaɗai ba ya ɓoye ƙwallaye sarai, kuma yana barin tattara.

Mai Kayan Fim:
Ku haɗa biyun mana. Tishu hawa 2 a ƙasa don ƙarfi, siririn haɗin Oga a sama don fuska. Ga kuma abin da ke sa tuwon ya zama tuwo: tun haɗin yana ɗanye, a naɗe malmalar da farar leda irin wadda ake ƙulla tuwo, a murɗe bakin a ƙasa, a bar ta minti 20 zuwa 30, a warware. Layukan nan da leda ke bari suna taruwa wuri guda, su ido ya saba gani. A ɗaya daga malmalolin a yanke loma tun wajen sassaƙa, a dangwala haɗin da burushi mai tauri a wurin ya yi gurji-gurji, a sa sawun yatsu 3 a bakin. Launi kuwa ba fari fat ba, a karya shi da ɗigon ruwan ƙwai da ɗigon ruwan toka. A rufe da banish (fenti marar launi da ake shafawa a ƙarshe) na ruwa mai matsakaicin sheƙi, don tuwo ɗan danshi gare shi, ba ƙyalli ba.

Sai nauyi, wanda kusan kowa ke mantawa. Yaro ya ɗauki malmalar da ba ta kai nauyin biro ba, hannunsa kaɗai zai tona asiri, iskar fanka ma ta isa ta ture ta. A auna ta gaske a sikeli, a huda ƙasan ta bogi tun kafin riga, a cusa yashi busasshe a ƙullin leda ko wasu notuna, ko da rabin nauyin ne, a toshe da guntun soso.

Injiniya:
Miya ita ce inda ake asarar kuɗi. Kar a cika kwano da gam ko rezin. A yanka farin soso daidai cikin kwanon, samansa ya tsaya milimita 5 ƙasa da inda ake son miya ta kai, a manne, a toshe zagayen da filar akirilik, a shafa farin gam sau 3. In aka bar ko ƙaramar kafa, abin da aka zuba zai sulale ƙasa ya ɗago soson.

Miyar kuka ta fi sauƙi don ba a ganin cikinta: filar akirilik, kore, ruwan ƙasa da ɗigon baƙi, a motsa ba sosai ba don launin ya ɗan bambanta, a shafa da bayan cokali a bar sawunsa. In farin gam za a zuba, kar hawa ɗaya ya wuce milimita 2. Mai kauri fata yake yi a sama, cikin ya zauna fari kwana da kwanaki, kuma yana shanyewa sosai don kusan rabinsa ruwa ne.

Man da ke taso wa miyar taushe ko dage-dage, efoksi, wato rezin mai kwalba biyu da ake haɗawa, shi ke fitar da shi. Sinadarinsa ba ya cin farin soso, amma yana ɗaukar zafi lokacin da yake kamawa, in aka zuba da kauri zafin ne zai narkar. Milimita 3 ya isa. A bi ma'aunin da ke jikin kwalba daidai, wani 1 da 1 ne, wani 2 da 1, a motsa minti 3 ana kankare gefen kofi. Wanda aka auna da ido sau da yawa ba ya bushewa, sai ya yi ta danƙo. Launin ja da ruwan goro ɗigo kaɗan, fentin ruwa in ya yi yawa yana sa shi gajimare. A kife kwali a kai awa 24, don duk ƙurar da ta sauka ta zauna ke nan.

Hajiya Mai Kek:
Wanda bai da kuɗin efoksi, banish na ruwa mai sheƙi hawa 4 ko 5 da ɗigon launi a ciki ya wadatar ga dandamali. Daga taku 5 babu mai bambancewa.

Mai Kayan Fim:
Ga dandamali, e. Ga kyamara kuma sheƙi mai yawa matsala ne, fitila na haskawa sai ya zama farin tabo a hoto. A sa sheƙin a gefen kwano da 'yan wurare inda mai ke taruwa, sauran a bar shi a dushe. Gwajin da ba ya ƙarya: a ɗauki hoton na gaske da na bogi gefe da gefe da waya, a ƙarƙashin hasken da za a yi wasan.

Ɗalibin Zane:
Sannunku da ƙoƙari manya. Tambaya: tunda yajin tsire da garin ƙuli-ƙuli a bushe suke, me zai hana a barbaɗa na gaske a kan gam a rufe da banish? Ai babu fentin da zai kai shi kama. Haka shinkafa, a manna ɗanya.

Mai Kushin:
Ƙanena, ɓera da kyankyaso da tururuwa ne za su hana. Ƙuli-ƙuli mai gare shi, man ba ya barin gam ya kama, bayan 'yan makonni ya fara hamami, da damina kuma fumfuna ta hau. Banish ba ya toshe ƙamshi, ɓera zai ci ya haɗa da soson.

Ɗalibin Zane:
Amma shinkafa ba ta da mai, kuma ana ganin masu yi da ita.

Hajiya Mai Kek:
Ana yi, in aikin na mako ɗaya ne. Ko ba don ƙwari ba, ɗanyar ƙwaya siririya ce, dafaffiya ta kumbura ta ƙara tsawo, duk macen da ta kalla za ta ce wannan ba ta nuna ba. In shinkafar bogi ake so, a tula tudun farin soso, saman kawai za a rufe da ƙwayoyin gam. A ja siririn zaren gam daga bindiga a kan tayil mai sanyi, in ya huce a daddatse da almakashi tsawon santimita 1, a cakuɗa da farin gam mai launi. Taliya kuma farar igiyar auduga a jiƙa ta a gam mai ruwan ƙwai.

Mai Kayan Fim:
A koma tsire. A yanka EVA kamar santimita 4 da 3, kar a sa rula, kowane da nasa karkacewar, a tsakure bakin da almakashi. A ɗora ƙyalle a kai, a danna dutsen guga mai matsakaicin zafi daƙiƙa 10, a ɗauka da zafinsa a murɗe, a riƙe har ya huce, zai zauna a haka. Zafin yana kuma toshe ƙofofin fuskar, fenti ya fi zama. A soka 4 ko 5 a tsinken tsire na gaske, suna ɗan hawa kan juna, a datse tsinin tunda yara ne.

Shafin fenti na farko, ja mai duhu da ruwan ƙasa. Madadin ƙuli kuwa garin katako ne daga wurin masu injin yanka, a tankaɗe da rariya. Kofi 1 na gari, cokali 2 na fenti da aka sirka da ruwa, a murza da hannu, a shanya. A yi kala 2, ruwan goro mai ja da ruwan ƙasa mai haske, a gauraya bayan sun bushe, don yaji ba launi ɗaya ba ne. A shafa gam, a barbaɗa, a kakkaɓe, a bar wasu wurare naman na leƙowa. In ya bushe a fesa gam kashi 1 ruwa kashi 3 don kar ya riƙa zuba. Ƙuna a bakin yanka kawai, da burushi kusan busasshe. A kowane tsinke a sa guntu ɗaya na kitse mai ruwan madara da sheƙi. Albasa a yanko zobe daga farar robar yogot, a goge da sanfefa 220 don fenti ya kama, a ja siririn layi mai ruwan hoda mai duhu a bayan zoben. Tabon mai a jikin takardar naɗi, banish ne da aka sirka. Kilishi ma hanyar ke nan, sai dai falle mai milimita 2, a yamutsa shi da zafi.

Injiniya:
Wanda ke son ganin ƙarshen wannan sana'a ya duba ta Japan, inda gidajen abinci ke jera samfurin girkinsu a gilashin ƙofa. Takizo Iwasaki ya kafa kamfaninsa a Osaka a 1932, kuma garinsu Gujo Hachiman har yau da wannan aikin aka san shi. Su ba sassaƙa suke yi ba, siffar abincin gaske suke ɗauka su zuba a ciki. Da kakin kyandir suka fara, daga baya suka koma roba saboda zafi na narkar da kakin. Matsalar nan ta zafi mu ta fi shafa. Gam ɗin bindiga yana saki a cikin motar da aka rufe a rana a watan Afrilu, farin gam ya yi laushi ya manne da abin da ke kusa, kumfar gwangwani da soson katifa kuma rana na mayar da su ruwan ƙwai su fara garin kansu in ba a rufe su da fenti ba.

Malamar Firamare:
Madalla. Ta ƙarshe: ajiya da tsabta, tunda zai daɗe.

Oga Fenta:
Kar a tattara da wuri. Akirilik da banish suna bushewa a taɓa cikin awa ɗaya, amma ba sa gama ƙarfi sai bayan mako ɗaya ko fiye, da damina ma ya wuce haka. In aka jera su kan juna kafin nan, mannewa za su yi, wajen rabawa fentin ya taso. A samu robar ajiya mai murfi, a sa takardar gashin kek tsakani, ban da jarida don tawadarta na bin banish. Ƙura a kaɗe da burushi mai laushi, tabo a goge da ƙyalle mai ɗan danshi, ba a tsoma shi a ruwa, don farin gam yana komawa fari ya yi laushi in ya jiƙe.

Hajiya Mai Kek:
A rubuta "ba na ci ba ne" a ƙasan kowanne, a nisanta su da wuta da risho, farin soso saurin kamawa gare shi da baƙin hayaƙi. Ƙananan abubuwa irin su zoben albasa da ƙwayar shinkafa a manne su dam a jikin tire, saboda 'yan nazare komai baki suke kaiwa. Ki kuma ajiye ragowar garin katako mai launi da ɗan kowane haɗin fenti a kwalba mai murfi, Malama, don bakin tsire da ƙololuwar masa su ke fara gogewa, kuma sake haɗa launin daidai yana da wuya.